Mai Jama'a Ake Ƙara wa Jama'a: Lissafin Yadda Hulɗa Take Girma

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a garin Kazaure

 



Da sakataren ƙungiya ya sanar da ni cewa ni zan yi jawabi bana, na kuma gaya masa a kan lissafi zan yi magana, dariya ya yi har da riƙe ciki, domin ya san inda nake zama idan an shigo darasin lissafi, watau can baya kusa da taga. Ga malaminmu na lissafi nan zaune. Allah Ya gafarta malam, yau ɗalibinka ya zo biyan bashi, in na yi kure a gyara mini kamar yadda aka saba.

Abin da ya jawo wannan magana

Duk mun san ɗan'uwanmu da Allah Ya yi wa rasuwa bara, Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa. Shi ne mai lambar wayar kowa a ajinmu. In an yi haihuwa shi zai faɗa maka, in wani ya sami ƙarin girma daga bakinsa za ka ji. Wata biyu bayan rasuwarsa, mahaifin wani ɗan ajinmu ya rasu a ƙasar Gwiwa, amma mutum uku kaɗai daga cikinmu suka je ta'aziyya. Ni kaina sai bayan sadakar arba'in na ji. Da na je, kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Ya ce mini, "Na zaci kun yar da ni ne." Wallahi ba wanda ya yar da shi. Labarin ne bai sami hanyar da zai bi ya iso mu ba, saboda hanyar tana kabari.

Tun ran nan nake tambayar kaina, yaya aka yi aji guda ya rataya a wuyan mutum ɗaya, alhali ba mu taɓa zama mun zaɓe shi ba? Da na bi diddigi, sai na tarar masana lissafi sun daɗe da wannan tambaya, kuma amsar da suka samu ta shafi kasuwanninmu da garuruwanmu kamar yadda ta shafi zumuncinmu.

Ƙulli da zare

Ku dubi komar masunta a dam ɗin Kazaure. Ƙulli ne da zare: kowane ƙulli zare ya haɗa shi da na kusa da shi. Haka masu lissafi suke kallon hulɗa. Mutum ƙulli ne, sanayyar da ke tsakaninsa da wani ita ce zaren. Kasuwa ƙulli ce, motar da ke ɗaukar kaya daga wannan zuwa waccan ita ce zaren. Duka abin a haɗe shi zan riƙa kira saƙa.

A koma kowane ƙulli zarensa daidai yake da na ɗan'uwansa. A 1959 wasu masana biyu 'yan ƙasar Hungari, Paul Erdos da Alfred Renyi, suka yi nazarin wata irin saƙa wadda ake ɗaura zarenta ta hanyar ƙuri'a, ba zaɓi. Sakamakon shi ne kusan kowa yana samun rabo matsakaici, wani ya ɗan fi, wani ya ɗan gaza. Kamar tsayin mutane ke nan: a ɗakin nan akwai dogo akwai gajere, amma ba wanda ya ninka ɗan'uwansa sau goma.

To, amma hulɗar duniya sau da yawa ba haka take ba. A 1999 wani masani mai suna Albert-Laszlo Barabasi da abokan aikinsa a Jami'ar Notre Dame ta Amurka suka ƙirga yadda shafukan intanet sama da 300,000 suke nuni da juna. Sai suka ga yawancin shafuka zare ɗaya ko biyu ne gare su, amma 'yan kaɗan suna da ɗaruruwa ko dubbai. A irin wannan saƙa, in ka ce matsakaicin shafi yana da zare kaza, ba ka faɗi komai ba, kamar ka haɗa dukiyar attajirin Kano da ta 'yan dako 99 ka raba gida 100 ka ce ga abin da kowa ya mallaka. Shi ya sa aka kira ta saƙa marar ma'auni, watau wadda ba ta da wani matsakaici da za a auna kowa da shi. Waɗancan 'yan kaɗan masu tarin zare kuwa su ne cibiyoyi.

Ƙa'idoji biyu

A wannan shekarar ta 1999 Barabasi da ɗalibarsa Reka Albert suka nuna cewa ƙa'idoji biyu kacal sun isa su haifar da irin wannan saƙa. Ta farko, saƙar tana girma, kullum baƙo yana shigowa. Ta biyu, baƙo in ya zo ya fi karkata ga wanda ya riga ya tara jama'a, kuma gwargwadon jama'arka gwargwadon rabonka.

Alal misali, a ce kasuwanni huɗu ne. Ta farko tana hulɗa da garuruwa 5, ta biyu 3, ta uku 1, ta huɗu 1, jimla 10 ke nan. Sabon ɗan kasuwa ya tashi zai kai kaya. Bisa wannan ƙa'ida, damar ta farko ita ce 5 cikin 10, ta biyu 3 cikin 10, sauran biyun kowace 1 cikin 10. In ya tafi ta farko, ta koma 6 cikin 11, watau gobe rabonta ya fi na yau.

Malamanmu suna iya gwada wannan a aji da ƙwarya da 'yan guntayen takarda. Yara biyu su fara fitowa su gaisa, a rubuta sunan kowannensu a jefa a ƙwarya. Yaro na uku ya zo ya zari takarda ɗaya ido rufe, wanda sunansa ya fito shi ne abokinsa. A mayar da takardar, a ƙara biyu: ɗaya da sunan sabon yaro, ɗaya da sunan wanda aka zara. A ci gaba har aji ya ƙare. Za ku ga mafi yawan yara sun tashi da aboki ɗaya ko biyu, wasu biyu ko uku kuwa sun kwashi kaso mai tsoka. A sake wasan daga farko, sai ku ga wasu yaran dabam ne suka zama cibiya. Ba wayo suka fi kowa ba. Sun shigo da wuri, sa'a ta faɗa musu tun farko, daga nan abin ya riƙa ciyar da kansa.

Lissafin ya ba da sakamako biyu da ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, duk lokacin da ka ninka yawan zare sau biyu, masu irin wannan yawan suna raguwa kusan sau takwas. In mutum 8,000 ne masu zare 10, to kimanin 1,000 ne masu 20, 125 masu 40, wajen 16 masu 80, sannan 2 masu 160. Suna raguwa, amma ba sa ƙarewa da sauri, kullum akwai wani ƙato a can gaba. Na biyu, wanda ya shigo na 10 yakan ninka wanda ya shigo na 1,000 kusan sau 10 a yawan zare. Hausawa sun riga sun ce wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Lissafi ya zo ne ya faɗi da sa'a nawa zai riga ka.

Ba Barabasi ne ya fara hango wannan ba. Udny Yule a Ingila ya yi irin lissafin a 1925 a kan yadda dangogin halittu suke yaɗuwa, Herbert Simon ya faɗaɗa shi a 1955, sannan Derek de Solla Price ya nuna a 1976 cewa rubutun masanin da aka fi ambata shi ake ƙara ambata. Abin dariya, aikin Price bai yi suna ba kamar na waɗanda suka zo bayansa, watau shi ma nasa lissafin ya ci shi.

Wani zai ce, ai baƙo ba ya zuwa da alƙalami yana ƙirga jama'ar kowa. Gaskiya ne, ba ya ma bukatar haka. Tambaya kawai yake yi: "Wa ka sani da zai saya mini wannan kaya?" Wanda mutane da yawa suka sani shi ne sunansa zai fi fitowa daga bakin wanda aka tambaya. Haka fatake suke samun fatoma, haka mai shanu yake samun dillali. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan ya kuma buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya rataya a kan 'yan tsirarun masu gida da ke saukar da baƙi suna tsaya musu. Mai gidan da ya fi baƙi shi ake ƙara kwatanta wa baƙo. Haka kuma marigayi ɗan'uwanmu ya zama cibiyarmu: duk mai neman lambar wani sai a ce ya tambaye shi, shi kuma a nan take ya adana lambar mai tambayar.

Mu dawo gida

Yanzu mu ɗora wannan ma'auni a kan ƙasarmu. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar Kurmi, zare ya fara taruwa a Kano. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, Kano ya zo domin nan ciniki yake, zuwansa kuma ya sa gyaɗar duk ƙasashen nan ta nufi Kano. Da aka tashi yin manyan tituna, sai aka bi sawun gyaɗa. Da kasuwar hatsi ta Dawanau ta kafu a kan hanyar Katsina cikin shekarun 1980, ta sami zaren da aka shekara ɗaruruwa ana ɗaurawa, har ta shiga sahun manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma.

An ƙirƙiro jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, aka sa hedkwatarta a Dutse. Doka ta raba mu da Kano a takarda, amma zare ba ya jin doka. Mu ma'aikata mun san in za ka Dutse daga Kazaure, yawanci sai ka ratsa ƙasar Kano. Manomin Gwiwa da mai saye a Babura jiha ɗaya suke, amma sau da yawa buhun geron ɗayan sai ya je Dawanau ya kwana kafin ya iso hannun ɗayan, kuma kowane hannu da ya taɓa shi ya ɗora nasa. Roni da Gwiwa suna kallon Kazaure, Kazaure da Babura suna kallon Kano, tsakaninmu mu huɗu kuwa zaren siriri ne. Ba sai wani ya ƙulla mana makirci ba kafin haka ta faru. Kowane direba yana zuwa inda lodi yake, lodi kuma yana zuwa inda direbobi suke.

Ƙarfin cibiya da hatsarinta

Cibiya tana da amfani ƙwarai. Ita ke gajarta hanya: ta dalilinta mai riɗi a Roni yake iya kaiwa ga mai saye a wata nahiya cikin hannu huɗu ko biyar. A shekarar 2000 Albert da Hawoong Jeong da Barabasi suka nuna cewa irin wannan saƙa tana da juriya in ƙulli ya tsinke haka kawai, domin galibi ƙaramin ƙulli ne zai tsinke, tun da su suka fi yawa. Amma in cibiyoyi kaɗan suka faɗi, sai saƙar ta wargaje gida-gida. Abin da ya sami ajinmu ke nan. Mun gani kuma a kasuwa: da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ran Alhamis ta ji a jikinta, haka mutanenmu na Babura da ke bakin iyaka, har da ƙauyukan da ba su taɓa ganin shingen kwastan ba.

Cuta ma cibiya take bi. A 2001 Romualdo Pastor-Satorras da Alessandro Vespignani suka nuna cewa a irin wannan saƙa, ko cuta ba ta da saurin kamu tana iya yaɗuwa, muddin ta sami cibiya. Jita-jita haka take, mun ga abin da ta yi wa rigakafin shan inna a 2003. Maganin ma ta cibiya ya biyo: da sarakunan Arewa suka shiga aikin gadan-gadan daga 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, magana ta riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, har aka tabbatar a Agustan 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Shin wanda ya makara ya rasa ke nan?

A'a. A 2001 Ginestra Bianconi da Barabasi suka ƙara ƙa'ida ta uku, watau nagarta. Baƙo yana duba yawan jama'arka, yana kuma duba abin da zai samu a wurinka, saboda haka mai nagarta yana iya cim ma wanda ya riga shi. Google a 1998 aka kafa shi, ya tarar da wasu a fagen, ya wuce su. Tarihinmu ma ya nuna ana iya juya saƙa. A ƙarni na 18 Katsina ce babbar masaukar fataken Sahara a ƙasar Hausa. Bayan jihadin 1804, yaƙe-yaƙe tsakaninta da Maraɗi suka hana fatake kwanciyar hankali, sai suka karkata Kano. Zaman lafiya shi ne nagartar da ta ja zare.

Sai dai kada mu ɗauki lissafin nan kamar wanda ba ya kure. A 2019 Anna Broido da Aaron Clauset na Jami'ar Colorado suka auna saƙa kusan 1,000 daga fannoni dabam-dabam, suka tarar 'yan kaɗan ne suka bi ƙa'idar sau da ƙafa. Titi ma ba ya bin ta sosai, domin ba mararrabar da za ta ɗauki hanya ɗari. Mutum kuma yana tsufa, lokacinsa yana da iyaka, nisa yana da tsada. Abin da ba a musu a kansa shi ne, a wurare da yawa rabon zare ba daidai yake ba, kuma in aka bar shi yadda yake, mai shi ake ƙara wa.

Abin da ya rage gare mu

Ga shawarwari huɗu da nake miƙa wa wannan ƙungiya.

Na farko, kowane aji ya sami aƙalla mutum uku masu riƙe da sunaye da lambobin kowa, a garuruwa dabam-dabam, a kuma rubuta a littafi a ajiye wurin sakatare. Waya tana ɓata, mai waya yana mutuwa.

Na biyu, kafin mu watse yau kowa ya karɓi lambar mutum biyu da ba ya hulɗa da su, ɗan Roni ya nemi ɗan Babura, ɗan Gwiwa ya nemi na Kazaure. Wannan zare na gefe shi ke riƙe saƙa ran da cibiya ta faɗi. Zumunta a ƙafa take, amma sai ƙafa ta san gidan.

Na uku, wanda ya fi damuna. In mun tashi ba da tallafin karatu ko neman wa yaro gurbi, mukan tambayi junanmu, "Wa ka sani?" Wannan tambaya ita ce ƙwaryar nan da na kwatanta, sunan ɗan wanda aka sani shi ne zai fito. Yaron da ke ƙauye, mai ƙoƙari, wanda ubansa bai san kowa ba, takardarsa ba ta ma cikin ƙwaryar. Saboda haka mu riƙa zuwa makaranta da kanmu, mu nemi malamai su ba mu sakamakon jarrabawa, mu ɗaura wa irin wannan yaro zarensa na farko. Da yawa daga cikinmu wani malami da ke zaune a nan shi ya ɗaura mana namu.

Na huɗu ya shafi garuruwanmu. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Sabon zare kaifi biyu ne gare shi. Yana iya kawo mana masu saye, yana kuma iya zama bututun da zai ƙara zuƙe amfaninmu da samarinmu zuwa Kano. Abin da zai raba gardama shi ne nagarta: rumbunan ajiya, injinan gyaran riɗi da gyaɗa, mudu na gaskiya, hanyoyi masu kyau daga Roni da Gwiwa da Babura, da yaran da suka koyi sana'a a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke nan garin. A cikinmu akwai 'yan kasuwa, akwai injiniyoyi, akwai masu zama inda ake tsara kasafi. In ba mu yi wannan magana ba, ban san wanda zai yi mana ita ba.

Daga ƙarshe, ina roƙon shugaban taro ya ba mu minti biyar bayan na zauna, a zagaya da littafi kowa ya rubuta sunansa da garinsu da lambarsa. Ɗan'uwanmu na Gwiwa yana cikin ɗakin nan, shi nake so ya fara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya bar zumunci. Abin da na faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa, inda na yi kuskure Ya yafe mini.